Yadda na kai Uwar Daji ƙasar rairayi

A'a, ba ƙwace motar aka yi a kan iyaka ba, kuma ba injinta ne ya buga ba. Duk wanda ya faɗa muku haka a teburin mai shayi ƙarin gishiri ya yi. Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba: Haruna yaya Nijar, Haruna da gaske burodinsu ya kai tsawon sanda, Haruna ina Uwar Daji. To ga shi na zauna zan faɗa tun daga farko, wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Ga wanda ba ɗan Funtuwa ba, Uwar Daji tsohuwar jif ce ta Alhaji Mamman na Dandume, mai sayen auduga. Sitiyarinta a dama yake, don tun kafin a canja hannu aka sayo ta. Babana, Malam Audu direba, shi ya tuƙa ta har Allah ya karɓi ransa, daga nan makulli ya dawo hannuna. Ni ban yi makarantar kanikanci ba, ban kuma yi zaman gareji ba. Kallo na yi ta yi, sai kwancewa da ɗaurewa, in na ɓata in sake.

Ku bar ni in faɗi wannan kafin mu kama hanya, don mutane suna cewa wai sa'a ce ta sa ta daɗe. Ba sa'a ba ce, Juma'a ce. Duk safiyar Juma'a kafin a tafi masallaci ina ƙarƙashinta. In zaro sandar baƙin mai in duba, in duba ruwan lagireto da na batir. In kwance kaskon matatar iska, wanda mai ke kwance a gindinsa yana kama datti, in wanke shi da kananzir in zuba sabo. In bi farfela da giris gaɓa-gaɓa. Sannan giyabos da tukwanen nan biyu da ke tsakanin ƙafafu, na gaba da na baya: ka kwance noti ka sa yatsa, in bai taɓo mai ba ka ƙara. In kuwa ka ratsa rafi a makon, ka duba kalar man. Da ka ga ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga, zubar da shi kawai. Na ƙarshe taya, a ba ta iska ta yi tauri. Haka na ga Baba yana yi, kuma a jar ƙasarmu da lakarmu hakan ne daidai.

Sai Alhaji ya sayo sabuwar akori-kura. Ya kira ni zaure ya ce wani amininsa, Alhaji Isufu, can arewa da Maraɗi, yana son jif ɗin don ɗaukar wake daga ƙauyuka.

"Kai za ka kai masa," in ji shi. "In ta yi masa ya riƙe. In ba ta yi ba ka dawo da ita mu ci gaba da lallaɓawa."

Na ce to, ranka ya daɗe. Amma rabin maganar na ƙarshe shi na riƙe a raina tun daga zauren. Har yau kujerar direban tana da lotsawar da Baba ya yi mata, gefen ƙofa kuma akwai inda gwiwar hannunsa ta cinye fenti. Ba na son ta yi wa Alhaji Isufu. Gaskiyar ke nan.

Abokin tafiyata Rasaki ne, ɗan gidan Baba Ibadan mai sayar da kayan mota a bakin tasha. A Funtuwa aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa kaifi. Ya ce zai raka ni ya ga ƙasar da ba a cin barkono.

Mun tsaya Malumfashi cin waina, sai wani dattijo mai sayar da igiya ya taso yana leƙen cikin motar.

"Yaro, wannan ba motar Malam Audu ba ce? Ina yake, ko ya shiga salla?"

Na ce masa Baba ya rasu, bara waccan. Ya yi masa addu'a, sannan ya ce wata damina da gada ta karye, a motar nan Baba ya ɗauki matarsa tana naƙuda ya ratsa ruwa da ita zuwa asibiti, yaron yanzu har ya shiga firamare. Ya dafa bonet kamar mai dafa kafaɗar mutum. Ban gaya masa sayar da ita za a yi ba. Wainar ma Rasaki ne ya cinye.

Daga nan muka yanke ta Matazu, hanyar burji, ta yi ta tafiya tana waƙarta. A Katsina muka kwana gidan wani mai masaukin Alhaji, ɗaki ɗaya da wasu fatake masu minshari kamar injin niƙa. Da safe muka nufi Jibiya. A can ne wani mai faci ya ce mini in na ƙetare, in ba cikin Maraɗi ba, zan daɗe ban ga mai famfo ba. Sai na ce to bari in yi guzuri. Na sa ya ƙara wa tayoyin iska har suka yi tauri kamar dutsen niƙa. Na ƙwanƙwasa da sifana na ji ƙarar ta yi mini daɗi.

Kwastan namu ba su ɓata mana lokaci ba. A ɗaya ɓangaren ne aka tsayar da mu a wata rumfa, wani jandarma dogo mai zanen Gobirawa a kumatu ya karɓi takardu. Ya karanta sunan Rasaki, ya ɗago kai a hankali.

"Bayarabe na? To, bawana ya taho gaishe ni."

Kafin in ba da haƙuri sai na ji Rasaki yana cewa, "Ranka ya daɗe, wa ya yi maka wannan aika-aika a fuska? Kaji ne suka yi tono?"

Na ce shi ke nan, yau a ɗaure za mu kwana. Sai jandarman ya tuntsire da dariya har hularsa ta goce. Ashe wasan Gobirawa da Yarbawa bai san iyaka ba. Ya ce harajin Rasaki shi ne ya ɗebo masa ruwa a randa, Rasaki ya ɗebo ya shanye rabi a gabansa, ya ce ɗanɗanawa ya yi kada a sa wa ubangidansa guba. Da wannan aka buga mana hatimi.

Maraɗi kuwa, e, burodin gaskiya ne. Dogo ne siriri, bayansa tauri, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafe kamar mai riƙe da sanda. Hausarsu tamu ce amma ta sha bamban, lafiya lahiya ce, me kuma mi. Da rana ba ruwansu da tuwo ko shinkafa, fura ce, kuma fura mai kyau, geron kana jin ƙamshinsa. Rasaki ya nemi yaji aka kawo masa, ya lasa, ya ce wannan ai garin kuka ne aka yi wa barazana.

A masaukinmu muka haɗu da Agali, direban Alhaji Isufu, wanda aka turo ya nuna mana hanya. Buzu ne, rawaninsa ya rufe komai sai idanu, ba ya ɗaga murya. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, abin da ya sa na ji ya kwanta mini. Sannan ya danna taya da ƙafa.

"Tayarka ta ƙoshi ƙwarai," in ji shi.

Na ce ai haka muke riƙonta. Na ɗauka yabo ne. Ya tambaya ko zan ba shi tuƙi in mun bar kwalta, na ce ba ta saba da hannun kowa ba. Ya shiga ya zauna a gefe.

Bayan Tibiri muka saki babbar hanya muka yi arewa. Jama'a, abin da suke kira hanya a can sawu ne kawai cikin rairayi. Tun ana tafiya daidai har na ji sitiyari ya yi nauyi, motar tana nishi. A wani kwari mai farin yashi ta tsaya cak. Na ja ƙaramar giya, wadda ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, na taka mai kamar yadda nake yi in laka ta kama ni a fadamar Danja. Maimakon ta fita sai ta haƙa wa kanta rami. Na sake takawa, ta zauna a kan cikinta. Allurar zafi ta fara hawa, dole na kashe.

Ranar kasuwar wani ƙauye ce, masu jakuna da raƙuma suna ta wucewa suna mana sannu. Wani a kan raƙumi ya tsaya ya tambayi Agali ko wannan ce motar da Alhaji Isufu ke jira. Ya kaɗa kai ya wuce.

Ni da Rasaki muna ta tono da hannu, yashi yana ƙona mu. Agali kuwa ya koma gindin wata aduwa, ya fito da ɗan kurfoti da buta ya hura gawayi.

"Malam Agali, mota ta nutse kai kana dafa shayi?" in ji Rasaki.

"Rairayi yana da zafi yanzu, ya saki jiki. Ku zo ku sha. In rana ta karkata shi ma zai kama kansa."

Haka muka zauna. Shayin nasu a ɗan ƙaramin kofin gilashi, na farko ɗaci kamar maɗaci, na bayansa sauƙi-sauƙi, kuma ba a tashi sai an kai ƙarshe. Da muka gama ya karyo ƙayar aduwa ya nufi motar, ya durƙusa gaban taya ya danna bakin bawul. Na ji iska tana fita, iskar da na saya a Jibiya. Na yi tsalle na riƙe masa hannu.

"Me kake yi haka? Za ka kashe mini taya."

"Ka taɓa ganin ƙafar raƙumi?" in ji shi. "Ka ga ta jaki? Wace ke nutsewa?"

Na sake shi, amma raina yana tafasa. Ya bi su huɗun ya rage har suka yi tumbi a ƙasa, irin yadda in na gani a Funtuwa zan ce direban ba shi da tarbiyya. Muka share gaban ƙafafun, muka shimfiɗa rassa. Ya ce in shiga, in sa giya ta biyu, kada in taka mai da fushi. Na yi yadda ya ce. Wallahi kamar an ɗauke ta a tafin hannu, ta taso ta hau kan yashin tana tafiya lumui. Daga nan har garin Alhaji Isufu ba ta ƙara ko tari ba.

An karɓe mu hannu biyu. Aka ba mu ɗaki a zaure, aka kawo tuwon gero da miyar kuka, da wani busasshen cuku mai faɗi kamar takarda wanda ake karyawa a ci da shayi. Alhaji Isufu ma Bagobiri ne, don haka Rasaki ya sha tsiya, shi ma ya rama. Amma mai raƙumin nan ya riga mu isowa, gari duk ya ji cewa motar Nijeriya ta kafe a kwari.

Da hantsi Alhaji ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da motar, da shi da ƙanensa da wasu dattawa. Ya yi mini magana a hankali, ba wulaƙanci.

"Ɗana, na ji abin da ya hwaru a hanya. Wata mota ta laka ta, wata ta rairayi. Ba ni son in cuci kaina, ba ni son in ɓata da Alhaji Mamman. In ba ta iyawa, ka koma da ita, ba komi."

Na dubi Agali. Ya san abin da ya faru sarai, kalma ɗaya zai faɗa. Amma ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi. Daga baya na gane cewa a wurinsu ba a kunyata baƙo a gaban mutane, ko da gaskiya ce. Ya bar mini zaɓi.

Rasaki ya matso ya raɗa mini, "Kama bakinka. Ga abin da kake so an ba ka a faranti. Jibi war haka muna Funtuwa da ita."

Na kama bakin nawa. Har na fara ganin hanya a raina, Jibiya, Katsina, Malumfashi, ni da ita. Sai ƙanen Alhajin ya tashi ya buga bonet da tafin hannu.

"Ni tun da na gan ta na sani. Tsohuwa ta, ba sauran ƙarfi. Waɗanda suka riƙe ta can sun shanye ruwanta, sun aiko muna da ƙashi."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Alhaji, a gafarce ni. Motar nan ba ta gaza ba. Ni na cika mata iska a Jibiya kamar za ta hau dutse, ni na taka mata mai a cikin yashi. Ku tambayi Malam Agali. Wanda ya riƙe ta kuwa mahaifina ne, kuma ba ta taɓa kwana da ƙishin mai a hannunsa ba. Ku kawo farin ƙyalle a zaro sandar mai a goga a gani. Ku loda mata wake, ku nuna mata tudun da kuka fi tsoro."

Na ji Rasaki ya ce, "Shi ke nan, ɗan Malam Audu ya sayar da mota."

Aka loda mata buhuna. Na ciro makulli na miƙa wa Agali da kaina, karo na farko da wani ya zauna a kujerar nan ban da ni tun rasuwar Baba. Akwai wani tudun yashi bayan gari inda suka ce manyan motoci ke zagayewa. Muna tsaye muna kallo ta tunkare shi, ta hau a hankali ba tare da ta yi ko gargada ba, ta tsaya a ƙoli. Yara suka bi ta da gudu. Alhaji Isufu ya juyo ya kama hannuna ya ce Allah ya jiƙan mahaifina. Ƙanen nasa ya ce shi dama wasa yake yi.

Na roƙi a bar ni kwana ɗaya in yi mata sabis na sallama. Ni da Agali muka shiga ƙarƙashinta. Na ɗauko giris na fara cika gaɓoɓin farfela har yana tumbatsa, yadda na saba don ya kore ruwa. Ya bi bayana da tsumma yana goge duk wanda ya fito waje. Ya ce a nan giris ɗin da ke waje yashi yake kamawa, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa ya cinye ƙarfe. Kaskon matatar iska kuma ba mako-mako ba, duk tafiya sai an wanke. Na ji daɗi, amma kuma na ga ba ta buƙatata kamar yadda nake zato.

Amma ni ma akwai abin da na sani wanda bai sani ba. Na nuna masa tukunyar ƙafafun baya, inda take ɗan tsatsafar da mai ta gefen hagu, a riƙa sa yatsa ana dubawa. Na gaya masa in za a sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu sai an taka kuloci sau biyu, a ɗan ba ta mai a tsakani, in ba haka ba za ta yi ƙara kamar ana zaginta. Da sanyin safiya kada a tashe ta a fizga, a bar ta ta yi ɗumi. Kada a sake wa kujerar direba soso. Ya tambaye ni dalilin wannan na ƙarshen, na ce haka dai. Ya dube ni ta saman rawani, ya ce ba za a sake ba.

Shi ya kai mu bakin babbar hanya inda za mu sami motar Maraɗi. Ni na zauna a gefe, wurin da nake zama ina yaro. Muka sauka, muka yi musafaha, ya ba ni cuku a ƙunshe in kai wa innata. Ya juya ya koma. Rasaki yana ta yi mini surutu, na ce ya yi shiru. Akwai wata gangara can gaba da dole sai ya sauko giya ta biyu, kunnena yana wurin. Na ji injin ya ɗan ɗaga murya a tsakani, giyar ta shige sumul ba ƙara. Daga nan tudu ya rufe ta.

A bayan wata babbar mota muka dawo, a kan buhunan albasa, shi ya sa kuka ga idanuna sun yi ja da na sauka a tasha. Rasaki yana da nasa bayanin, kada ku saurare shi.

Yanzu akori-kurar nake tuƙawa. Lafiyarta ƙalau, ba ta neman komai a wurina, ka murɗa makulli kawai ta tashi.

To ni ma ina da tambaya. Direbobi da masu gareji, da ku masu tuƙa tarakta a gonakin gwamnati, akwai wanda ya taɓa miƙa abin da ya raina da hannunsa, ya dawo gida a motar haya? Yaya kuka yi da safiyar farko? Ku same ni a bakin tasha ku ba ni labari. Ku kuma fatake masu bin hanyar Tibiri, in kun ci karo da tsohuwar jif mai sitiyari a dama, Buzu yana tuƙi, don Allah ku ɗan durƙusa ku leƙa ƙafar baya ta hagu. In kun ga danshin mai, ku ce masa Haruna na Funtuwa yana gaisuwa, ya sa yatsa ya duba.